Kaya Ba Ya Sayar Da Kansa: Batun Talla A Kasuwannin Tasawa Da Mayahi

 Duk wanda ya saba cin kasuwar Tasawa ta ranar Lahadi ya san layin masu man gujiya. Mata ne jere a zaune, kowace da galan ko kwalabenta a gaba, ga ƙuli-ƙuli a faranti. Gujiyar duk ta gonakin yankin ce, suya iri ɗaya, tatsa iri ɗaya, farashi ma kusan ɗaya. Amma kafin a kira sallar azahar sai ka ga wata ta kife kwanonta tana ƙirga kuɗi, maƙwabciyarta kuwa har la'asar sakaliya tana korar ƙuda, daga ƙarshe ta karyar da farashi ko ta ɗora kayan a amalanke a koma da su ƙauye.

Idan ka tambaya sai a ce maka nasibi ne, wasu ma su yi ƙus-ƙus su ce ai waccan tana da malami. Ba mu musa cewa arziki na Allah ne. Sai dai wanda ya zauna kusa da matar nan ya kasa kunne zai ji wani abu daban. Masu saye ba su zuwa suna tambayar mai kawai, man wance suke tambaya. Wani tun ranar Juma'a ya bugo mata waya ta ajiye masa lita biyar. Wata ta aiko yaro da kwalba da saƙon cewa a zuba irin na wancan mako. Wato kafin ta baro gida rabin kayanta ya riga ya sami masu shi. Wannan shi ne tallar da nake so mu tattauna a kai, domin a wurin yawancinmu da an ce talla sai hankali ya tafi ga yarinya da tire a ka, ko mai magani da lasifika a bakin tasha.

Fatar akuyarmu, sunan wasu

Bari mu fara da abin da ya faru da jar akuya. Masana kiwo sun daɗe suna cewa a yankin Tasawa ne aka fi samun tsantsar wannan akuya da duniya ta sani da sunan akuyar Maraɗi, kuma tun 1963 aka buɗe cibiyar kula da irinta a Maraɗi. Fatarta na cikin waɗanda majema suka fi so a duniya saboda laushi da ƙarko. Shekaru aru-aru fatake na ɗaukar jemammun fatun ƙasar Hausa a raƙuma su tsallaka hamada da su zuwa ƙasashen Larabawa na arewa, daga can su shiga Turai, a yi bangon littattafai masu tsada da jakunkuna da safar hannu. To da wane suna Turawa suka san fatar? Fatar Maroko. Mai kiwon akuyar da majemin da ya sha warin jima babu wanda ya san da su, sunan ya tafi ga wanda ya miƙa wa mai saye kayan hannu da hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Albasar Galmi ma saura ƙiris ta bi wannan hanya. A shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri da ke Senegal ya nemi a yi masa rajistar irin albasar da sunan Galmi a hukumar OAPI, wadda ke kare haƙƙin mallakar suna da fasaha a ƙasashen Afirka da dama, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin a janye. Daga baya ƙasarmu ta nemi nata, kuma a 2023 aka miƙa mata takardun shaida na kaya huɗu: albasar Galmi, kilishin Nijar, cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi. Gwamnati ba ta sha wannan wahala don ado ba. Ta gane cewa suna dukiya ne, ana sace shi kamar yadda ake sace akuya a turke.

Abin da ya sami ƙasa guda shi ke samun mace guda a kowace ranar kasuwa. Dubi tabarmin Gulbin Kaba. Kwarin nan da ya ratsa Kanan Bakashe da Mayahi cike yake da goriba, mata na yankan kaba, su shanya, su rina, su kwashe kwanaki suna saƙa. Ranar kasuwa ɗan sari ya zo ya taya a dunƙule, ya naɗe ya loda a mota. Idan tabarmar ta isa Maraɗi ko Yamai ko Katsina, mai saye ya yaba saƙar, ya so ya ƙara biyu irinta, wa zai nema? Ɗan sarin. Ita mai saƙar ba ta ma san an yaba ba, ballantana ta ƙara dala goma a kan ta gaba. Ba ina cewa ɗan sari azzalumi ne ba, shi ma ya sa jarinsa, ya biya mota, ya ɗauki kasada. Amma muddin babu wata alama a jikin tabarmar da ke nuna ƙauyen da ta fito, to mai saƙa mai kyau da mai saƙar ha'inci kuɗi ɗaya za a ba su.

Ba baƙon abu ba ne

Wasu dattawan kasuwa na kallon maganar talla kamar wani sabon yayi na ƴan lakwal. Alhali kuwa Tasawa ta daɗe da sanin ciniki. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya sauka garin a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishiri na Abzinawa, ya iske kasuwa na ci, ya kuma rubuta labarinta. Waɗancan kakanni namu suna da dabarunsu, kuma har yau muna amfani da su ba tare da mun kira su talla ba. Gyaran da mai awo ke ƙara miki bayan ta cika tiya, talla ce. Ɗanɗanon da mahauci ke miƙo maka a bakin tukuba, talla ce. Haka sanƙira da ke zaga unguwa yana shela, haka mai masaukin da ke ba baƙon falke ɗaki da tuwo don ya zama ta hannunsa za a yi ciniki. Hatta gaisuwa, da tambayar lafiyar yara, da tuna sunan mai saye. Ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wani manazarci ɗan Faransa mai suna Emmanuel Grégoire ya wallafa littafi a 1986 a kan Alhazan Maraɗi, yadda suka taso daga awon gujiya har suka zama manyan attajirai. Abin da ya fi jan hankalinsa kalma ce da ya ji a bakinsu, wato arzikin mutane. Alhaji ba ya ƙirga ƙarfinsa da buhunan da ke sito kaɗai, yana ƙirgawa da yawan barorinsa da dillalansa da abokan cinikinsa a ƙauyuka da ƙetaren iyaka. To ke ma mai ƙosai, kai ma mai teburi, kuna da naku arzikin mutanen daidai ƙarfinku. Tambayar ita ce, kun san su? Mutum nawa ne ke saye a wurinki kowane mako ba fashi? Idan ɗaya ya daina zuwa, kina lura? Kin taɓa aikawa a tambayi dalili? Sau da yawa dalilin bai taka kara ya karya ba: an ba ɗansa canji bai cika ba, ko ran nan man ya yi gauri. Kalma biyu ta ban haƙuri ta isa ta maido shi, amma sai a bar shi ya koma layin gaba, a ce wai kasuwa ta mutu.

Salula ta sauya lissafi

Kafin 2001 wayar salula ba ta yaɗu a Nijar ba. Ɗan kasuwar hatsi da ke son sanin farashi a Damagaram ko Maraɗi sai ya hau mota ko ya jira wanda ya dawo, ko ya saurari farashin da ma'aikatan SIMA ke tattarawa ana karantawa a rediyo. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda salula ta shiga, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa a fili take. Ribar da ake ci a da saboda mai saye bai san farashi ba ta ragu. Yau manomin Urafan ko na Korgom kafin ya ɗaure buhu ya riga ya bugo wa ɗan uwansa ya ji nawa tiya take. Tun da kowa ya san farashi, abin da zai bambanta ka da na kusa da kai shi ne a san ka, a kuma yarda da kai.

Amma abin mamaki, wayar nan da ke ɗaure a bakin zane, yawancinmu gaisuwa da sanarwar biki kawai muke yi da ita. Rashin karatu ba hujja ba ne yanzu, tun da WhatsApp na ɗaukar murya. Mai mai za ta iya aika murya ta daƙiƙa ashirin ranar jajibirin kasuwa ga mutum goma da suka saba saye, ta ce an tatsa sabo, ga farashi, ga inda za ta zauna. Mai dabbobi zai iya ɗaukar hoton rago da rana tsaka, ta gefe da ta gaba, ya tura wa mai saye a Yamai tun Layya da saura wata guda. Wadda ba ta da babbar waya, ɗanta ko ƙaninta na da ita, kuma ƙaramar ma tana kira. Kuɗi na zuwa ta kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Amana, kaya na tafiya ta hannun direban tasha. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a tura hoton wani rago a loda wani. Kada kuma a saki kaya ga baƙon murya don kawai ya turo hoton takardar biya, a bari sai kuɗin sun shiga hannu, domin ƴan damfara su ma sun iya waya.

Abin da muke gani a gidan rediyo

A nan sai na yi hattara kada a ce mai rediyo na tallar rediyo. Gaskiya ita ce ba kowa ke bukatarta ba. Mai fura da ke sayar wa unguwa ɗaya, kuɗin sanarwa asara ne a gare ta, gara ta sayi farin ƙyalle ta rufe ƙwaryarta, ta wanke ludayi a gaban mai saye. Rediyo na amfanar wanda masu sayensa ke warwatse a ƙauyuka: mai irin shuka da taki gab da damina, mai injin niƙa ko na ɓarzar gujiya da ya kafa sabo, maƙerin da ke ƙera garma da amalanke, tela kafin Salla.

A shekarun da na yi ina karanta sanarwa, mafi yawan takardun da ake kawo mana na aure ne, da suna, da rasuwa, da cigiyar dabba. Na ciniki kaɗan ne, kuma ko su ɗin akwai gyara. Mutum zai biya kuɗin minti guda, ya cinye fiye da rabi wajen gaida Alhaji wane da Hajiya wance da kirarin kakansa, sai a ƙarshe a ambaci shagon a gurguje, babu kwatance, babu lambar waya. Wani kuma ya lissafo kaya iri ashirin, daga siminti har allura, mai sauraro ya tashi bai riƙe ko ɗaya ba. Sanarwar da na ga tana aiki ita ce mai magana a kan abu ɗaya, ta faɗi inda yake da kwatancen da baƙauye zai gane, kamar kusa da masallacin Juma'a ko bayan tasha, ta maimaita lamba sau biyu a hankali. Lokaci ma na da muhimmanci. Mai neman manoma ya sa tasa da dare bayan isha'i, lokacin da aka dawo gida aka kewaye akwatin rediyo. Mai neman mata ya nemi hantsi, suna aikin gida rediyo na gefe. Kuma sau ɗaya ba ya isa. Gara gajera sau shida a kwana uku kafin kasuwa da doguwa sau ɗaya. Bayan haka duk wanda ya zo saye a tambaye shi a ina ya ji labari, don a san ko kuɗin sun yi aiki ko sun bi iska.

Akwai tallar da ni kaina ba na son karantawa, ita ce ta maganin da wai yana warkar da basir da shawara da ciwon suga da rashin haihuwa duk a kwalba ɗaya. Irin wannan ita ta sa mutane da yawa ke ɗaukar duk mai talla maƙaryaci.

Tiya ita ce shaida

Wannan ya kawo mu ga inda maganar ta fi nauyi. Talla tana kawo mutum sau ɗaya ne kawai, abin da ya iske shi ke maido shi ko ya kore shi. Kowa ya san tiya biyu da wasu ke ajiyewa, babba ta saye, da wadda aka bubbuge gindinta ta sayarwa. Kowa ya san buhun wake mai kyau a baki, tsakiya kuwa ƙwari da tsakuwa, da riɗin da aka ƙara wa rairayi don nauyi, da man gujiyar da aka sirka da na kanti. Malamanmu sun gaji da jan kunne a kan tauye mudu da algus da yawan rantsuwa a ciniki, har sura guda ke akwai a Alƙur'ani a kan masu tauye awo. Ni abin da zan ƙara shi ne na lissafin duniya. Wayar da ke yaɗa sunanka na kirki ita ce ke yaɗa na banza, kuma na banzan ya fi sauri. Ɗan sarin da ya buɗe buhu a Dawanau ta Kano ya iske ƙasa, ba zai ce wane ya cuce ni ba, cewa zai yi kayan kasuwa kaza ba su da kyau. Daga nan sai ya rage farashi ga kowa da kowa don ya fanshe. Mutum ɗaya ya yi algus, gari guda ya biya.

Shi ya sa nake ganin rubuta suna a jikin kaya ya fi kowace talla ƙarfi, don wanda ya sa sunansa da lambarsa ya ɗaure kansa. Ba sai an je maɗaba'a a Yamai ba. Ƴar takarda da aka buga a shagon kwamfuta aka manna a kwalba, da sunan ƙungiya ko na mai kaya, da gari, da lamba, da ranar da aka tatsa, ta wadatar. Kwalbar a wanke ta sosai, a rufe bakin. Buhu a rubuta masa da fenti. Tabarma a saƙa mata wata alama a gefe wadda ƙauyen ya amince da ita. Dubi aya, wadda jihar Maraɗi ta yi fice wajen nomanta. Ana fitar da ita Najeriya, ana kai ta har Sifen, inda mutanen Balansiya ke yin wani abin sha da ita mai kama da kunun ayarmu, kuma su tasu ayar sun yi mata rajista da sunan yankinsu. Mu kuwa tamu na fita a buhu babu suna. A ce mace ta tsince tiya guda, ta wanke, ta shanya, ta ƙulla a ƙananan leda masu tsabta da sunanta, ko ta daka dakuwa, ai ta tashi daga mai sayar da abin da kowa ke da shi ta koma mai abin da sai a wurinta.

Mai abokin ciniki ɗaya

Ƴan kasuwar yankin nan sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan mai sayenka ɗaya ne. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Naira ta faɗi a 2016, ta sake faɗuwa a 2023, har mai saye daga Katsina ko Daura ya zo kara ya taya sa da kuɗin da idan aka canza zuwa sefa ba su kai abin da aka kashe wajen kiwo ba. Wanda duk rayuwarsa Alhaji ɗaya ya sani a ƙetare, zama ya kama shi. Wanda ya riga ya ajiye lambar wani a Agadas ko Damagaram ko Yamai ya sami inda zai juya, ko da ribar ba ta kai ba. Neman abokin ciniki na biyu tun ana zaman lafiya da na farko ake yin sa. Tasawa na bakin babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, motoci na ratsa ta dare da rana, kowane direba da fasinja mai iya ɗaukar lambarka ne ya kai ta wani gari.

Ga masu ƙaramin jari, abin da mace ɗaya ba za ta iya ba ƙungiya na iyawa. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 har ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ya koya wa mata zubi da rance. Amma yawancin rancen na tafiya ga sayen gujiya ko akuya, wato ga ƙara kaya, ba a ware komai don neman wanda zai saya. Mata talatin da suka cire zubin mako guda za su iya buga takardun suna, su biya sanarwa, su sayi waya guda ta ƙungiya, ko su tura mutum biyu da samfurin tabarmi zuwa baje koli, irin SAFEM na sana'o'in mata da aka fara a Yamai a 2000. Ko ba a sayar da yawa a can ba, a dawo da lambobi.

Ba zan rufe ba sai na taɓo ɗiyanmu masu tire a ka. Na san uwa ba don ƙiyayya take ɗora wa yarinya talla ba, da ribar ake cefane, da ita ake tara kayan ɗaki, kuma matar da ke cikin kulle ba ta da wata ƙafa sai ta ɗiyarta. Amma mun san abin da ke biyo baya: yarinya ƴar shekara goma tana yawo a tasha har dare cikin karnukan mota, ajinsu na lakwal ya wuce ta, ta islamiyya ma sai jefi-jefi. Uwar da aka san ƙosanta ko taliyarta da suna, wadda ke da gidaje goma masu yin oda ta waya da mai teburi biyu da ke karɓar sari kowace safiya, ba ta bukatar yarinya ta zaga gari tana neman mai saye. Saƙo ne kawai za a kai inda aka sani, a karɓo kuɗi a dawo, kuma wannan ana gama shi kafin ƙarfe takwas, lokacin da ake buga ƙararrawar shiga aji.